Manyan jiragen ruwan shaƙatawa: tsakani da Allah, suna burge matafiyi?

Dan_Fagge
Salamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni ga waɗanda suka taɓa shiga ko suke da niyyar shiga. Bidiyon Icon of the Seas sai zagayowa yake ta yi, jirgin nan na kamfanin Royal Caribbean da ya fara ɗaukar mutane daga Miami a Janairun 2024. Tsawonsa mita 365, hawa 20, in ya cika maƙil fasinja 7,600 ne, ga ma'aikata 2,350. Kusan mutum dubu goma ke nan a cikin ƙarfe ɗaya a tsakiyar teku. Jama'a sai masha Allah suke ta yi, ni kuwa ko kaɗan bai ba ni sha'awa ba. Wanda ya fita don ya ga ƙasa da mutanenta, me zai tsinta a can? Ka biya kuɗinka ka shiga turmutsitsi kamar Kantin Kwari a jajibirin sallah, kuma babu ƙofar fita sai ruwa. Da gaske abin yana burge matafiya, ko talla ce kawai ta yi ƙarfi?

Ummu_Khairat
Wa alaikumus salam. Malam Dan_Fagge, da ganin maganarka ba ka taɓa tafiya da yara ƙanana ba. Mu a Texas muke zaune, mun shiga ɗaya daga cikin manyan daga Galveston, ba Icon ba amma shi ma ƙato ne. Abin da ya saye ni shi ne sau ɗaya na kwance akwati. Na jera kaya a kabad, shi ke nan, ba ɗaura kaya ba sauke kaya, ba gudun filin jirgi da yaro a goye. Ka kwanta a teku ka tashi a Meziko. Yara akwai inda ake kula da su, an raba su gwargwadon shekaru, kuma ba a ba kowa yaro sai wanda aka rubuta sunansa. Ban dafa ba, ban wanke ba, ban share ba. Ku maza in an ce hutu kuna tunanin ganin gari, mu kuwa tunaninmu ranar da ba mu ɗora tukunya ba.

Hajjo_Zinder
Anti Ummu_Khairat kin faɗi gaskiya wallahi, Allah ya biya ki. Wannan jimlar ta ƙarshe a rubuta ta a manna a ƙofar kowane gida.

Injiniya_Bello
Ɗan gyara kaɗan. 7,600 ɗin nan sai an cika kowane gado, har na sama da kujerar da ake miƙewa. In mutum biyu-biyu ne a ɗaki, 5,610 ne. Kuma batun cunkoso ba yawan mutane kaɗai ake dubawa ba, ana duba faɗin wurin da aka zuba su. An rarraba jirgin unguwa-unguwa da gangan: ɓangaren masu yara daban, na manya zalla daban, akwai lambu a tsakiya da shuke-shuke na gaske, wuraren ninkaya bakwai, wuraren cin abinci sama da ashirin. Dabarar ita ce kada kowa ya nufi waje ɗaya lokaci ɗaya. A Turku ta ƙasar Finland aka ƙera shi, kuma ta fuskar aikin injiniya dai dole ka sara musu.

Dan_Fagge
Injiniya na gode da gyara. Amma ka lura duk abin da ka lissafa a cikin jirgin yake. Lambu, wurin ninkaya, gidan abinci. To ina tafiyar?

Baba_Gwarzo
Ni dai 'ya'yana ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ko kyauta aka ba ni, na yafe. Titanic ma ai cewa aka yi ba ya nutsewa.

Injiniya_Bello
Ranka ya daɗe Baba, tsoron ruwa ba laifi ba ne, amma Titanic 1912 ne. Tsawonsa mita 269, kuma in aka auna girman ciki, Icon ya ninka shi sama da sau biyar. Abin da ya sa mutum wajen 1,500 suka halaka a Titanic har da ƙarancin jiragen ceto: guda 20 ne kacal, na mutum 1,178, alhali mutanen da ke ciki sun haura 2,200. Wannan hatsarin ne ya haifar da dokar kare rayuka a teku da ake aiki da ita har yau. Yanzu akwai jirgin ceto guda ɗaya da ke cin mutum 370.

Sani_Mai_Shayi
To Costa Concordia fa? Wannan ai ba zamanin kakanni ba ne, 2012 ne, a gaɓar tsibirin Giglio na Italiya. Matuƙin ya matsa kusa da gaɓa, jirgi ya daki dutse ya kwanta gefe ɗaya, mutum 32 suka mutu. Da jirgin ya karkace, jiragen ceton gefe guda ma sauke su ya gagara. Shi kuma kyaftin ɗin, Schettino, ya bar jirgin mutane na ciki, aka ɗaure shi shekara 16. Doka tana takarda, amma mutum ne ke riƙe da akala.

Ummu_Khairat
Haka ne, Allah ya kiyaye. Amma bayan wannan ne aka tsananta. Yanzu kafin jirgi ya motsa daga tasha sai kowa ya je wurin taruwarsa na gaggawa an duba katinsa, an nuna masa yadda ake ɗaura rigar ceto. In ba ka je ba, nemo ka za a yi. Yara har abin hannu ake ɗaura musu mai lambar wurin taruwar.

Nupawa_Boy
Ku yi haƙuri zan ɗan kauce. Ina jin ana maganar tsoron jirgin da ke da likita da rigar ceto ga kowa, sai na tuna namu. A kogin Neja kowace damina sai mun binne mutane. Na Patigi a 2023, masu dawowa daga biki, sama da mutum ɗari. Kwale-kwalen katako, lodi ya wuce ƙima, tafiyar dare, babu riga ko ɗaya. In tsoron ruwa ne, nan ya kamata mu kai shi.

Baba_Gwarzo
Allah ya jiƙansu da rahama. Ka ga dalilina ke nan, ɗana.

Takari_Maiurno
Amin. Ni daga Sudan nake, kakanninmu daga ƙasar Hausa suka taso a ƙafa. Kakata ta sha ba mu labarin ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda: a kan daɓen jirgi ake kwana, kowa da tabarmarsa da butarsa da guzurin garinsa, in igiyar ruwa ta taso sai salati da amai. Ba wanda ya shiga don daɗi, Ka'aba ake nema. Da za ta ji yau mutum na biyan kuɗi ya shiga ruwa ya zagaya ya dawo inda ya tashi, ba hajji ba fatauci, ban san me za ta ce ba.

Dan_Fagge
Yauwa ɗan'uwa Takari, ka taɓo inda nake nufi. Ya zagaya ya dawo inda ya tashi.

Zee_Abuja
To shi wanda ya je Dubai ya kwana otal ya dawo Abuja fa, ba inda ya tashi ya dawo ba? Kowace tafiya ai gida ake dawowa. Ku daina raina wa mutane hutunsu.

Malam_Habibu
Ni abin da ya fi damuna ba a taɓo shi ba. Jirgi a kan ruwa aya ce, a Suratur Rahman an ambaci jirage masu gudu a teku kamar duwatsu, kuma sahabbai sun hau jirgi zuwa Habasha. Hawan ba matsala. Amma waɗannan na Amurka da Turai, gidan caca a tsakiyarsu yake, mashaya a kowane hawa, bakin wurin ninkaya kuwa ba sai na faɗa ba. Mutum ya kai iyalinsa can ya ce hutu? Ina tambayar waɗanda suka je, yaya kuka yi da salla da abinci?

Ummu_Khairat
Allah ya gafarta Malam, tambayar a kan hanya take. Salla a ɗaki muka yi. Ɗakin ƙarami ne, tsakanin gado da bango sallaya ɗaya ke shiga, sai dai a yi bi da bi. Alƙibla ce aiki, don jirgi na juyawa. Akwai tasha a talabijin ɗin ɗaki da ke nuna taswira da inda jirgi ya sa gaba, da ita maigida yake kwatantawa, mu yi ƙasaru. Banɗaki babu wurin tsarki, da butarmu ta roba muka tafi. Abinci kuwa mun tsaya kan kifi da ƙwai da ganye da shinkafa. Masu girkin da yawa 'yan Indiya ne da Indonesiya, wani Musulmi a cikinsu shi ya riƙa nuna mana abin da aka sa wa giya ko naman alade. Gidan caca gaskiya ne, wani lokacin hanya ma ta cikinsa ta bi, sai ka sauya hawa. Batun shiga kuma ban musa maka ba. Da sassafe muke kai yara ruwa kafin a cika.

Abu_Jidda
Malam Habibu, akwai mafita yanzu. Saudiyya ta fito da nata, AROYA, ya fara tashi daga Jidda a Disambar 2024. Babu giya, babu caca, abinci halal, akwai wurin salla, akwai lokutan mata su kaɗai a wasu wuraren. Shi ma ba ƙarami ba ne, yana ɗaukar sama da mutum 3,000. Tsohon jirgi ne da aka saya aka sake masa fasali. Larabawa da iyalansu suna shiga sosai.

Malam_Habibu
To wannan da dama-dama. Amma kiɗa fa?

Abu_Jidda
Malam kiɗa kam akwai, kada in yi maka ƙarya.

Sani_Mai_Shayi
Hhhh Malam ya fasa.

Kuku_a_Teku
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Ni ɗan Kumasi ne, na yi aikin kicin a irin waɗannan jiragen, ba zan faɗi kamfani ba. Abin da fasinja ke gani rabin jirgi ne. Ƙarƙashin inda kuke akwai wani gari. Akwai wata doguwar hanya da ta ratsa jirgin daga kai zuwa gindi, ma'aikata na ce mata I-95, sunan wani babban titi a Amurka. Nan ake tura kaya, shara, zannuwan gado, buhunan dankali, dare da rana. Ɗakinmu ba taga, mutum biyu, gado sama da ƙasa. Kwangila wata shida zuwa tara, kuma babu ranar hutu, sai dai awannin hutu. Ranar da jirgi ya dawo tasha ita ce mafi wuya: dubbai su sauka da safe, dubbai su hau da rana, a tsakani a gyara kowane ɗaki a loda abincin mako guda. Ka fasa ƙwai har yatsunka su daina ji.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne abinci. Mutum ya cika faranti ya yi tozo, ya ci loma uku ya ture ya ɗauko wani, don ya riga ya biya. Kai da ka san yadda ake neman na cefane a zango, kai ne za ka kwashe ka zubar. Amma kuma ba zan zagi aikin ba, da shi na yi wa mahaifiyata rufin ɗaki, kuma ba ka kashe ko sisi a kan ci da kwana. Yawancin abokan aikina 'yan Filifin ne da Indiya da Indonesiya, kowa gida yake aikawa. Jiragen da yawa tutar Bahamas ko Panama ko Malta suke ɗauke da ita duk da kamfanin na Amurka ne ko Turai, saboda haraji da dokar ƙwadago. Girman jirgi a wajenmu ma'anarsa yawan faranti.

Hajjo_Zinder
Allah sarki Yaya Kuku. Allah ya sa wa nema albarka. Yanzu kuwa jikina ya yi sanyi da abin da na ce ɗazu, ashe tukunyar wani ne ke ɗorawa.

Ummu_Khairat
Hajjo ai ko a otal wani ne ke ɗorawa. Amma Malam Kuku ya yi gaskiya kan zubar da abinci, na gani da idona, har faɗa na yi wa yarana.

Alhaji_Lissafi
Mu zo kan kuɗi, don nan ake yi wa mutane rufa-ido. Farashin da kake gani a talla na ɗakin ciki ne, wanda ba taga ko ɗaya, ba ka sanin dare ya yi ko gari ya waye. Ɗaki mai baranda kuɗinsa daban. Sannan a ɗora harajin tasha. Sannan na goron ma'aikata, wanda kai tsaye kullum ake rubuta shi a kan kowane mutum, wajen dala 18 ko fiye, har yara. Intanet kuɗi. Lemon kwalba kuɗi. Gidajen abincin da suka fi kyau kuɗi. Fita yawo in an tsaya kuɗi. Hoto kuɗi. Kuma ba ka taɓa kuɗi da hannu, kati ɗaya ne makullin ɗakinka, shi ne shaidarka, shi ne aljihunka, sai miƙawa kake yi. Daren ƙarshe ne lissafi ke fitowa ka ji gumi. Girman jirgin nan ba don jin daɗinka aka yi shi ba. Kyaftin ɗaya ne, injin bai ninka ba, amma aljihun da ke ciki ya ninka, kuma har mako guda ba su da wata kasuwa sai tasu.

Zee_Abuja
Alhaji duk da haka ka haɗa kuɗin otal da abinci sau uku da tikitin zirga-zirga tsakanin ƙasashe uku na iyali mai mutum biyar, ka gani wanne ya fi. Wanda ya iya kame hannunsa yana cin riba.

Alhaji_Lissafi
Wanda ya iya kame hannunsa. 'Yata, su ma sun san mutum nawa ne suka iya.

Musa_Mestre
Bari ku ji daga bakin wanda ke gaɓa. Ina zaune kusa da Venice. Da can waɗannan jiragen ta tsakiyar gari suke wucewa, ta mashigin Giudecca, jirgi ya fi ginin coci tsawo, igiyar da yake tayarwa tana cin gindin gine-ginen da suka shekara ɗaruruwa. A Yunin 2019 MSC Opera ya ƙwace ya daki bakin tasha da wani ƙaramin jirgi. Daga 1 ga Agustan 2021 gwamnati ta hana duk jirgin da ya haura tan 25,000 bi ta nan. 'Yan gari ba baƙi suke ƙi ba, da baƙi suke ci. Matsalar ita ce mutanen jirgi su sauko dubbai lokaci ɗaya, su toshe lungu da gada, su ɗauki hoto, su sayi ɗan abin maƙala makulli, su koma jirgi cin abinci don can sun riga sun biya. Mai otal bai samu ba, mai gidan abinci bai samu ba, shara ce ta rage.

Kuma ba nan kaɗai ba. Santorini ta Girka mazaunanta ba su fi dubu goma sha biyar da ɗoriya ba, sai da aka sa iyakar fasinjan jirgi 8,000 a rana, kuma a 2025 aka fara karɓar yuro 20 a kan kowane kai lokacin zafi. Amsterdam ma ta rage yawan jiragen da za su riƙa shigowa.

Dan_Fagge
Malam Musa ka gama mini aiki. Jirgi ya tsaya da safe, la'asar ya tashi, in ka makara ya tafi ya bar ka da fasfo a hannu. A 'yan awannin nan wace ƙasa ka gani? Ka ga shagunan bakin tasha. Shi ya sa ma kamfanonin suka koma mallakar wurarensu. Icon yana tsayawa a CocoCay, tsibiri ne a Bahamas da kamfanin ke riƙe da shi. Ka sauka daga jirginsu ka shiga tsibirinsu ka ci abincinsu, ka dawo ka ce ka je Bahamas.

Injiniya_Bello
Wannan kam ba musu. Girman ma yana rage inda za a je, ba kowace tasha ke da zurfi da tsawon da za ta karɓe shi ba, shi ya sa manyan suke ta maimaita 'yan wurare kaɗan a Karebiyan da Bahar Rum. Mai son lungunan Norway ko Antatika ko ƙananan tsibirai, ƙaramin jirgi zai nema, kuma a nan ne kuɗi ke tashi. Amma su kamfanonin ba su ɓoye ba, jirgin shi ne wurin zuwan. Kai ne kake auna shi da ma'aunin da ba nasa ba.

Dr_Amina_K
Ba wanda ya tuna Diamond Princess? Fabrairun 2020, aka tsare shi a Yokohama ta Japan da mutum 3,711, sama da 700 suka kamu da korona. Ko ba annoba, cutar amai da gudawa ta norovirus tana son irin wannan wuri: hannu dubu a kan cokalin zuba abinci ɗaya, maɓallin lifta ɗaya. Shi ya sa suke tsare ƙofar ɗakin cin abinci sai ka wanke hannu. Kuma asibitin jirgi ba kyauta ba ne, mai hawan jini ko suga ya tafi da maganinsa da inshora. Ta gefen jiri kuwa babban jirgi ya fi, yana da fukafukai a ƙarƙashin ruwa masu rage tangaɗi. Mai saurin amai ya nemi ɗaki a tsakiya, hawa na ƙasa.

Yaro_Mai_Data
Ni fa tambayata ɗaya, da koren fasfo ana shiga? Don naga kowa na ta zuba kamar tikitin na hannunmu.

Zee_Abuja
Ƙanina nan ne gizo ke saƙa. Na Miami sai da bizar Amurka, na Bahar Rum sai da ta Schengen ta shiga ƙasashen Turai, kuma dole ka duba kowace ƙasa da za a tsaya, in takardarka ba ta cika ba tun a tasha za a mayar da kai, kuɗinka kuma ya tafi. Mutanenmu sun fi bi ta Dubai ko Jidda, ko Durban ta Afirka ta Kudu inda ake zuwa gaɓar Mozambik. Waɗanda suka je kallon ƙwallo Qatar a 2022 ma wasu a jirgi suka kwana, MSC World Europa, an ɗaure shi a tashar Doha ya zama otal.

Sani_Mai_Shayi
Wannan ne daidai da Baba_Gwarzo. Jirgin da ba ya motsi.

Baba_Gwarzo
Ko shi ɗin, sai in igiyar a hannuna take.

Dan_Fagge
Na ji kowa. Anti Ummu_Khairat ta sa na gane akwai wanda hutu yake nema ba gani ba, wannan hakkinsa ne. Amma har yanzu ina kan bakana, a kira shi wurin shaƙatawa, kada a kira shi tafiya. Ni na fi son in sauka a gari in ɓata, in yi ciniki da wanda ba ma jin yaren juna.

Ummu_Khairat
Allah ya ba ka 'yan uku Malam, sai mu sake wannan muhawarar.

Hajjo_Zinder
Yaya Abu_Jidda, wancan na Jidda ɗin, bizar umara tana isa a shiga ko sai an nemi wata? Kuma yara 'yan ƙasa da shekara biyu ana biya musu? Ina tambaya ne wa yayata.